ZANGON MATAFIYA: Wuyar Dutse Tana Wurin Gangara

A wannan wata za mu ɗauke ku zuwa wata ƙasa mai nisa, mai sanyi, mu ba ku labarin wani yini guda da muka yi a kan dutse cikin ƙaramar bas. Mun daɗe muna ja da baya ga rubuta shi, gama laifin da ke cikinsa namu ne. Amma wanda ya ɓoye wurin da ya yi tuntuɓe, ya bar wa na bayansa tarko.

Mun je ƙasar Suwizalan ne ziyarar wani ɗan ƙanwarmu, wanda ya yi shekara shida yana aiki can. Daga nan kuma akwai bikin auren wata 'yar dangi a arewacin Italiya. Mu takwas ne za mu tafi: mu da uwargida, da ɗan ƙanwar nan da matarsa da 'ya'yansu biyu, da waɗansu 'yan'uwa biyu. Ya yi hayar ƙaramar bas mai kujera tara, irin wadda muke kira hayis a gida. Aka cika bayanta da akwatuna da kulolin abinci da kayan amarya. Watan Fabrairu ne, tsakiyar hunturunsu.

Tsakanin Suwizalan da Italiya akwai duwatsun Alps, sun tsaya kamar ganuwa. Mun kwana a wani gari da ake kira Brig, a gindin duwatsun, wajen mita 680 bisa teku. Daga Brig hanya biyu ce ga mai mota. Ta fari, a hau da motar bisa jirgin ƙasa, jirgin ya ratsa da ita ta cikin dutse. An buɗe wannan rami a 1906, tsawonsa kusan kilomita 20, cikin wajen minti ashirin kuwa mutum ya ɓulla a Iselle, ƙauyen Italiya na farko. Ta biyu, a hau dutsen a bi ta mashigin Simplon, wanda ya ɗara mita 2,000 kaɗan. Domin ku gane tsayin, garin Jos yana wajen mita 1,200 ne. Watau sai an ɗora kusan mita 800 a kan Jos kafin a kai inda hanyar nan ta bi.

Da safe, muna shan shayi, yaron ya ce, "Kawu, ga shawara. Rediyo ta ce dusar ƙanƙara za ta sauko kafin azahar. Hanyar dutse a buɗe take, amma da ku da Mama da yaran nan, gara mu sa motar a jirgi."

Muka ce, "Haba ɗana! Mu taso tun daga Najeriya, mu zo mu shige rami kamar gafiya, ba mu ga kome ba? Shekararmu talatin muna tuƙi. Mun sauka Hawan Kibo da damina ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Mun hau Mambila a tsohuwar mota. Wane dutse ne kuma za a tsorata mu da shi?"

Uwargida ta ce, "Maigida, yaron nan ya fi mu sanin ƙasar nan fa." Muka yi kamar ba mu ji ba. Shi kuwa, da shi ke ɗa ne mai tarbiyya, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Kawu." Wannan "to" ita ce farkon kuskurenmu. Mun sa girma inda ya kamata a sa sani.

HANYAR DA TARIHINTA

Kafin mu hau, bari mu gaya muku kaɗan game da hanyar, gama ba jiya aka fara wahala a kanta ba. Cikin ƙarni na 17 wani attajirin Brig mai suna Stockalper ya gyara turbar alfadarai ta wannan mashigi, yana fataucin gishiri da sauran kaya, har ya gina masaukai a bakin hanya. Wanda ya san ayarin gishirin Bilma zai gane irin wannan fatauci, sai dai su da sanyi suke yaƙi, namu da ƙishirwa. Daga baya Nafoliyon na Faransa ya so hanyar da igwa za ta iya bi zuwa Italiya, aka fasa dutse aka yi hanyar keken doki tsakanin 1801 da 1805. A zamanin motoci aka sake gina ta, aka yi gadoji da rumfunan kankare masu rufe hanya, domin in ƙanƙara ta zaftaro daga bisa ta wuce ta kan rufin, ba ta kan mota ba. Saboda wannan, yayin da ake rufe yawancin manyan mashigan Alps da hunturu, Simplon akan bar shi a buɗe dukan shekara, sai dai in hadari ya yi tsanani a rufe shi na ɗan lokaci.

Ga abin da ya ruɗe mu ke nan. Mun ji an ce hanya a buɗe take, muka ɗauka an ce hanya lafiya take. Ashe magana biyu ce dabam.

HAWA

Muka tashi wajen ƙarfe goma. Daga Brig zuwa ƙwanƙolin mashigin kilomita ashirin da 'yan kai ne, amma cikin wannan ɗan nisa mota takan hau mita 1,300. Da fari kwalta baƙa ce wuluk, a bushe, muna ta raha. A gefen masu saukowa muka ga wata gajeriyar hanya da ta rabu da babbar, an cika ta da tsakuwa, ba ta zuwa ko'ina. Muka tambaya. Yaron ya ce an yi ta ne domin babbar motar da birkinta ya ƙone, direba ya afka ciki tsakuwa ta riƙe shi. Muka gyaɗa kai, ba mu ɗauki darasin ba.

Muka haye gadar Ganter, wadda aka gama a 1980, tsawonta mita 678, kwarin da ke ƙarƙashinta kuwa ya kai wajen mita 150. Uwargida ta rufe ido har muka ƙetare. A nan yaron ya rage tafiya ƙwarai, ko da shi ke babu kome a kan kwalta. Ya ce gada takan riga sauran hanya daskarewa, domin iska mai sanyi tana bin ta sama da ƙasa, ba ta da ɗumin ƙasa a ƙarƙashinta. Wani lokaci ruwan da ya daskare a kanta ba ya ganuwa, sai ka ce kwalta ce ta jiƙe.

Da muka ƙara hawa sai sanyi ya ƙaru. Ka'idarsa ke nan: kowane mita 1,000 da aka hau, zafin iska yakan ragu da wajen digiri shida. Yayyafin da ke sauka a Brig, a bisa dutse dusar ƙanƙara ce. Ta fara saukowa kamar audugar rimi da iska ta kwaso, ɗaya ɗaya, yara suna ta murna. Kafin minti goma ta rufe kwalta, ta rufe layin hanya, ta rufe sararin sama. Duniya duka ta zama fari fat. Ba a rarrabe bakin hanya sai da dogayen sanduna da aka kakkafa a gefe domin wannan.

Sai ga wata alama zagayayya, shuɗiya, da hoton taya ɗaure da sarƙa. Ma'anarta, daga nan ba mai wucewa sai da sarƙa a tayoyinsa. Yaron ya ratse zuwa wani fili da aka tanada a gefen hanya, ya ja birkin hannu, ya sa riga mai ƙyalli, ya fito da sarƙoƙi biyu daga ƙarƙashin kujera. Ashe tun daren jiya ya fita bayan masauki da tocila ya gwada ɗaura su sau biyu, domin ya san ba a koyon ɗaurin sarƙa da yatsu masu daskarewa. Kuma bai binne su a ƙarƙashin akwatuna ba.

Muka fito don mu taimaka, muka kama tayar gaba. Ya ce, "Kawu, ba nan ba. Wannan mota tayoyin baya ne ke tura ta, can ake ɗaurawa." Sarƙa ana sa ta ne a tayoyin da inji ke juyawa, ko gaba ko baya, gwargwadon ƙirar motar. Cikin minti biyar yatsunmu suka ƙi lanƙwasuwa, muka koma mota muka bar shi. Ya gama, ya ja motar kamar tsawon filin ƙwallo, ya sake tsayawa ya ƙara ɗaure su, gama sarƙa takan saki bayan juyi na fari.

Yana cikin wannan aiki wata ƙaramar mota ja ta wuce mu da gudu, ba sarƙa. Muka ce, "Ka gani? Ga masu ƙasa nan suna tafiyarsu, mu muna nan muna ɗaurin kaya." Bai ce kome ba. Ba mu yi kilomita biyu ba muka iske ta a wata kwana ta juya ta dubi inda ta fito, tayoyinta suna ta juyawa a wuri ɗaya, mai ita yana tsaye yana waya. Ba wanda ya ji ciwo. Mu ma a wannan karo ba mu ce kome ba.

Yadda ya hau sauran dutsen abin kallo ne. Ya tashi da lamba biyu maimakon lamba ɗaya, domin kada ƙarfin inji ya yi yawa taya ta murza a banza. Ya riƙe totur daidai wa daida, ba ya dannawa, ba ya saki. Ya bar rata mai yawa tsakaninsa da motar da ke gaba, domin kada ta tsaya ta tilasta masa tsayawa a tsakiyar hawa, gama motar da ta tsaya a kan gangaren ƙanƙara da wuya ta sake tashi. Da sarƙa ba a wuce kilomita 50 a sa'a, shi kuwa bai kai ko 35 ba. Sarƙoƙin suna ta kacau-kacau a ƙarƙashinmu har muka fito wani fili mai faɗi, hanya ta daina hawa.

A ƘWANƘOLI

Mun iso. A gefe, cikin hazo, muka hangi ƙatuwar siffar gaggafa da sojojin Suwizalan suka gina da duwatsu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Gaba kaɗan ga wani babban gini mai benaye, shi kaɗai a cikin farin daji. Masaukin matafiya ne. Nafoliyon ne ya ba da umarnin gina shi a 1801, amma ya faɗi daga mulki ginin bai ƙare ba, sai a 1831 firistocin ƙungiyar Bernard Mai Tsarki suka gama shi. Wannan ƙungiya tun wajen shekara ta 1050 take da wani masauki a wani mashigin Alps, aikinta karɓar baƙo da neman wanda ƙanƙara ta rutsa da shi, ba tambayar ƙabilarsa ko addininsa. Har yau suna nan. Muka shiga ɗakin sujadarsu muka yi godiya, muka koma mota muka sha shayi mai zafi daga filas.

Ranmu ya yi fari. Muka dafa kafaɗar yaron muka ce, "Ka ga abin da muka faɗa maka? Ga shi mun hau lafiya. Ai an gama, saura gangara kawai."

Ya dube mu ya ce, "Kawu, yanzu ne za a fara."

Gaskiyarsa. Daga nan zuwa garin Domodossola na Italiya wajen kilomita 40 ne, ana sauka mita 1,700. A hawa, nauyin mota abokin direba ne: in ya ɗaga ƙafa daga totur, dutse da kansa zai tsai da shi. A gangara kuwa nauyin nan ya zama mai tura shi daga baya, ba ya gajiya, ba ya hutawa. Abin da ke riƙe mota da ƙasa kuma bai wuce wuri huɗu ba, kowanne kamar faɗin tafin hannu. A kan daskararriyar hanya, nisan da mota ke bukata kafin ta tsaya yakan kai har ninki goma na busasshiyar kwalta.

Akwai kuma maganar zafi. Birki ba ya kashe gudu, juya shi yake yi ya zama zafi. Motarmu da mutane da kaya ta kai wajen tan uku. In irin wannan mota ta sauko mita 1,000, zafin da za a kawar ya isa ya kai ruwa jarka huɗu masu lita 20 ga tafasa. In direba ya ɗora wannan duka a kan birki, ƙarafan za su yi zafi har su daina kamawa. Man birki kuma yana iya tafasa. Sabon mai na irin da yawancin motoci ke amfani da shi yakan jure har digiri 230, amma tsohon da ya sha raɓa yana iya tafasa a wajen digiri 155. In ya tafasa, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa, ba abin da ya kama. Maganin wannan tsohuwar ka'ida ce ta direbobin dutse a kowace ƙasa: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. A bar inji ya riƙe mota, birki ya zama mataimaki, a taka shi a hankali a miƙaƙƙiyar hanya kafin kwana, a sake shi ya huce.

Duk mun san wannan. Mun sha faɗa wa yara a gida. Amma sani dabam, haƙuri dabam.

GANGARA

Yaron ya sa lamba biyu, muka fara sauka. Inji yana ta kuka, mota tana tafiya kamar jakin da ya gaji. Muka wuce tsohon masaukin Stockalper, muka wuce ƙauyen Simplon da rufin gidajensa da ƙanƙara ta danne. Muka dubi agogo. An ce dangi za su taru cin abinci da ƙarfe biyar na yamma, mu kuwa aka ba alhakin yi wa amarya nasiha. Zuciya ta fara tafasa.

Muka ce, "Ɗana, injin nan zai fashe. Ka ƙara masa giya mana." Ya ce, "Kawu, kukan ba ya yi masa kome." Aka jima muka sake cewa, "A haka sai dare." Bai amsa ba. Da muka shiga wata doguwar rumfar kankare, inda ƙanƙara ba ta taɓa kwalta ba, muka ce da ƙarfi, "To, ga busasshiyar hanya, yanzu kuma mene ne hujjarka? Ko so kake a ce kawun amarya bai zo ba?"

Sau uku babba ya yi magana a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ya sa lamba uku. Mota ta saki jiki, kukan inji ya kwanta, muka gyara zama muna jin daɗi.

Ƙarshen rumfar ya zo da sauri fiye da yadda muka zata. A bakinta iska ta tara ƙanƙara, bayan bakin kuma kwana ce zuwa hagu. Yaron ya gani, ya taka birki a kan ɗan abin da ya rage na busasshiyar kwalta, gudun ya ragu, amma bai ragu isasshe ba. Tayoyin gaba, waɗanda ba su da sarƙa, suka hau fari. Ya juya sitiyari hagu, mota ta ƙi, ta miƙe sak. Muna ganin ƙarfen bakin hanya yana matsowa, bayansa kuwa ba kome sai sarari. Muna jin birki yana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa, watau na'urar nan da ke hana taya kullewa tana kamawa tana saki. Bai ɗaga ƙafa ba, bai fizgi sitiyari ba, bai taɓa birkin hannu ba. Mota ta yi ta zamewa a hankali, a hankali, kamar a mafarki, har hancinta ya nutse cikin tudun ƙanƙarar da motar shara ta tara a jikin ƙarfen. Ta tsaya.

Ba wanda ya yi magana. Ƙaramar yarinyar ce ta fara kuka. Kular miya ta kife a baya. Muka dubi hannun yaron a kan sitiyari, yana rawa.

Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Kawu, ku yi haƙuri."

'Yan'uwa, mun sha jin magana mai zafi a duniya, amma ba wadda ta taɓa ƙona mu kamar wannan. Shi ya ce a bi jirgi, muka ƙi. Shi ya ɗaura sarƙa, muka yi gunaguni. Shi ya riƙe lamba biyu, muka matsa masa. Ga shi kuma shi ke ba da haƙuri. Uwargida ba ta ce uffan ba, shirunta kuwa ya fi faɗa. Muka juya muka ce masa a gaban kowa, "Ɗana, ba kai za ka ba da haƙuri ba. Laifin namu ne tun daga Brig. Ka gafarta mana. Daga nan har mu sauka, kai ne babba a motar nan."

Muka fito mu uku muka share ƙanƙarar da ke gaban tayoyi da hannu da murfin kula. Ya ja da baya kaɗan kaɗan, sarƙoƙin baya suka kama, muka koma kan hanya. Ya sa lamba biyu, wani wuri ma lamba ɗaya. A wannan karo kukan injin ya yi mana daɗi kamar waƙa.

Muka shiga kwazazzabon Gondo, inda duwatsu suka matse hanya dama da hagu, tsayinsu ba a ganin ƙarshensa. Gondo shi ne ƙauyen Suwizalan na ƙarshe. A ranar 14 ga Oktoba 2000, bayan ruwan sama na kwanaki, laka da duwatsu suka zaftaro suka raba ƙauyen biyu, mutum 13 suka mutu. Mutanen da ke zaune a gindin irin waɗannan duwatsu ba sa yi musu wasa. Baƙo ne kaɗai ke zuwa da fahariya.

Bayan iyaka dusar ta koma ruwan sama, kwalta ta sake yin baƙi. Yaron ya tsaya ya kwance sarƙoƙin, domin a busasshiyar hanya suna cin taya, suna cin kwalta. Muka isa Domodossola da la'asar, muka isa gidan biki bayan an ci an sha. Ba wanda ya yi fushi. An ajiye mana abinci, nasihar kuma muka yi ta da dare, amarya ta saurara kamar yadda za ta saurara da ƙarfe biyar. Watau abin da muka kusa sayar da rai takwas dominsa, ko kwabo bai kai ba.

A can Domodossola ake tunawa da wani saurayi ɗan ƙasar Peru, Jorge Chavez. A ranar 23 ga Satumba 1910 ya tashi daga kusa da Brig cikin ƙaramin jirgin sama na katako da zane, ya bi ta bisa wannan mashigi, ya zama mutum na farko da ya ƙetare Alps a jirgin sama. Ya wuce ƙwanƙoli, ya wuce iskar kwazazzabo, jama'a suna jiransa a fili suna tafi. Saura 'yan mitoci ya taɓa ƙasa fikafikan jirgin suka karye, ya faɗo. Bayan kwana huɗu ya rasu, yana da shekara 23. Ya ci dutsen, saukar ce ta ci shi.

ABIN DA MUKA KAWO MUKU TSARABA

Mun sani yawancinku ba za su tuƙa mota cikin dusar ƙanƙara ba. Amma 'ya'yanmu da yawa suna ƙasashen sanyi yanzu, waɗansunku kuma za su je ganin jikoki. Gangara kuwa muna da ita a gida, da santsin ruwan farko na damina, da hazon hunturu mai rufe ido. Ga abin da muka koya.

Na ɗaya, shawarar hawa dutse a gindinsa ake yanke ta. A tsakiyar gangara ba wurin juyawa. In akwai wata hanya mai sauƙi, ko akwai halin a kwana a tashi gobe, ba abin kunya ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyu, a shirya mota tun a gida. A ƙasar sanyi akwai tayoyin hunturu, robarsu ba ta taurarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri bakwai, mai hayar mota ya tambaya ko su ne a kanta. A gwada sarƙa tun kafin a bukace ta. A canza man birki a kan kari, kada a jira sai ya yi baƙi. A ɗauki bargo da ruwa da abinci da tocila. In kuma ƙanƙara ta tsare mutum a hanya ya bar inji yana aiki domin ɗumi, ya riƙa fita yana share bakin salansa, gama in ya toshe hayaƙin zai koma cikin mota. Shi ne hayaƙin nan marar wari da ke kashe iyali in an kwana da janareta a cikin ɗaki.

Na uku, kada a sa mota a firi a gangara domin tsimin mai, kada kuma a kashe inji. Mun san direbobinmu da yawa suna yin haka a Hawan Kibo da sauran wurare. Man da aka tsimpa bai kai kuɗin likkafani ba. Fasinja yana da iko ya yi magana a kan wannan, da ladabi, amma ya yi.

Na huɗu, wannan namu ne, mu iyaye da kawunai da masu gida. 'Ya'yanmu an koya musu kada su musa wa babba, haka kuwa ya kamata. Amma saboda wannan, nauyi yana kanmu mu san lokacin da za mu kame baki. Yaron da ke riƙe da sitiyari zai iya yin abin da ya san ba daidai ba ne, don kawai kada ya kunyata mu. In mun yi amfani da ladabinsa muka tura shi ga kuskure, alhakin yana wuyanmu. Mai gaya wa direba "rage" yana taimakonsa. Mai gaya masa "ƙara" yana tuƙi ne daga kujerar da ba ta da birki.

Da za mu komo daga bikin, muna isa Iselle yaron ya dube mu ta madubi, bai ce kome ba. Muka ce, "Ɗana, ina ake sayen tikitin jirgin nan?" Yara suka fashe da dariya, uwargida ma ta yi murmushi. Muka shiga ramin kamar gafiya, muka fito a Brig bayan minti ashirin, ba mu ga kome ba, kuma ba mu taɓa jin daɗin rashin ganin kome kamar ran nan ba.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye fitarku da shigarku, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.